Shurin Babbar Libarba da Iyakar Hannun Maharbi

Akwai wasu gajerun bidiyo da suke yawo a wayoyin matasa a nan Bauchi, waɗanda ake nuna wani Bature ko wata Baturiya sun ɗaga wata ƙatuwar bindigar hannu, sun danna kunama, sai bindigar ta yi sama ta daki goshin mai harbin ko ta suɓuce ta faɗi a bayansa, 'yan kallo kuma su bushe da dariya. Ni ba na iya yin wannan dariyar, domin na taso a gidan maharba, kuma na taɓa riƙe irin waɗannan bindigogi a hannuna a ƙasar da doka ta yarda da su. Abin da nake gani a bidiyon shi ne an miƙa wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa ba tare da an shirya shi ba. Ra'ayina a kan lamarin, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa iyakar maharbi tana wurin da harbinsa ya fara kauce wa inda ya auna, kuma wannan wuri yana zuwa tun da sauran nisa kafin zafin shurin, wato dukan da bindiga take mayarwa baya, ya gagare shi jurewa.

Kafin in yi nisa, ya kamata a san cewa farauta da bindigar hannu ba al'adarmu ba ce, kuma dokar ƙasarmu ba ta buɗe mata ƙofa ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Libarba, wato bindigar hannu mai gangar harsasai da take juyawa, da fistol suna cikin rukunin haramtattu tare da makaman soja, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ne yake da ikon ba da izinin mallakarsu. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko baki biyu tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuma da ake ɗurawa ta baki tana buƙatar izinin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da manyan libarba labarin Amurka ne, inda jihohi da yawa suka halatta farautar barewa da aladen daji da su. Na kawo shi ne domin matsalar da take damun maharbinsu ita ce take damun namu, sai dai a wurinsu ta fi fitowa fili, tun da bindigar hannu ba ta rufa wa kowa asiri.

Tarihin waɗannan bindigogi bai da tsawo. A 1935 kamfanin Smith & Wesson ya fito da harsashin .357 Magnum (lambar tana nuna kimanin faɗin harsashin a ma'aunin inci), wanda a zamaninsa ake yi wa kallon ƙarshen ƙarfi. Bayan shekara ashirin, wani makiyayi kuma maharbi mazaunin jihar Aidaho mai suna Elmer Keith, wanda ya daɗe yana matsa wa kamfanoni lamba su yi harsashin da ya fi wannan, ya samu biyan buƙata lokacin da Remington da Smith & Wesson suka haɗu suka yi .44 Magnum. A wajajen ƙarshen shekarun 1950 Dick Casull ya ƙirƙiro .454 Casull, amma sai a 1983 kamfanin Freedom Arms na jihar Wayomin ya fara ƙera libarbarsa domin kasuwa, kuma matsin da yake tasowa a cikin wannan harsashi ya kusa ninka na .44 Magnum, har ya kai na manyan bindigogin kafaɗa. A 2003 aka yi .500 Smith & Wesson Magnum, wanda faɗin harsashinsa rabin inci ne, wato milimita 12.7, gangar libarbarsa kuma harsashi biyar kawai take ɗauka maimakon shida, domin a bar ƙarfe mai kauri tsakanin ramukan. Bayan shekara biyu .460 ya biyo baya. A tsawon shekara saba'in ƙarfin harsashi ya yi ta hauhawa, amma wuyan hannun ɗan Adam yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Dalilin shurin bindiga yana cikin darasin kimiyya na makarantar sakandare, wato ƙa'ida ta uku ta Newton, wadda ta ce duk turin da aka yi gaba akwai makamancinsa da yake komawa baya. Idan aka ninka nauyin harsashi da gudunsa, aka ƙara da turin iskar albarushin da take fita a bayansa, abin da aka samu shi ne daidai abin da yake tura bindigar zuwa ga mai riƙe da ita. Daga wannan lissafi abubuwa biyu suke fitowa waɗanda ya kamata kowane maharbi ya riƙe. Na farko, idan nauyin bindiga ya ninka, ƙarfin shurin yana raguwa zuwa rabi. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, idan turin harsashi ya ninka sau biyu, ƙarfin shurin ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Wannan ne ya sa ɗan ƙarin da mutum yake gani kamar ba komai ba ne a nauyin dalma ko a yawan albarushi yake zama babban abu a kafaɗa ko a tafin hannu.

Ga misalin da na fi so, domin duk wanda ya taɓa harba bindiga mai baki biyu zai fahimce shi nan take. Harsashin lamba 12 da aka saba harbin zabi da shi yana ɗauke da ƙwayoyin dalma kimanin giram 32, kuma suna fita da gudun da ya kai wajen mita 400 a daƙiƙa. Bindigar da take harba shi tana da nauyin kilo uku ko fiye, tana da gindi mai faɗi da ake kafawa a kafaɗa, kumatu yana dafe da ita, hannu biyu suna riƙe da ita a wurare biyu masu nisa da juna, nauyin jikin mutum gaba ɗaya kuma yana bayanta. Harsashi mafi nauyi da aka saba sayarwa na .500 Magnum shi ma kimanin giram 32 ne, gudunsa kuma ya ɗan ɗara wancan. Amma libarbar da take harba shi, ko da mai dogon baki ce, nauyinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba, ba ta da gindin kafawa a kafaɗa, kuma duk abin da ta mayar baya a tafin hannu da wuyan hannu yake sauka. Wanda yake son ya san yadda abin yake sai ya ƙaddara an yanke wa bindigarsa gindi, an rage mata sulusin nauyi, an ce ya miƙe hannuwansa ya harba. Shi kuwa .44 Magnum, wanda harsashinsa na yau da kullum bai kai giram 16 ba, shurinsa bai kai rabin na .500 ba, alhali shi ma ya isa ya ɓata harbin yawancin mutane.

Lissafi ba ya faɗin komai da komai, domin abin da hannu yake ji ya danganta da yadda aka ƙera bindigar. Bututun libarba yana zaune ne a saman hannu, saboda haka turin ba ya tafiya kai tsaye cikin ƙashin hannu, sai ya juya bindigar sama ya lanƙwasa wuyan hannu. Libarba irin ta dā, wadda sai an ja 'yar gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi, tana da mariƙi mai santsi da lanƙwasa wanda yake mirginawa cikin tafin hannu, sai shurin ya bazu cikin ɗan lokaci mai tsawo. Wasu suna jin daɗin haka, wasu kuma suna ƙinsa domin dole su gyara riƙo bayan kowane harbi. Ta zamani kuwa tana dukan tsakiyar tafi kai tsaye, shi ya sa ake sa mata mariƙin roba mai rufe ƙarfen baya. Nauyi ma yana da nasa hukuncin: akwai .44 Magnum ta Smith & Wesson da aka yi da ƙarfe marar nauyi domin masu yawo a dajin Alaska, wadda ba ta wuce giram 750 ba, akwai kuma Super Redhawk ta Ruger mai kilo ɗaya da rabi. Harsashinsu ɗaya, amma ta farkon tana dukan hannu ninki biyu na ta biyun. Ana kuma huda wasu ramuka a saman bakin bindiga domin iskar albarushi ta fita sama ta danne bakin ƙasa. Dabarar tana aiki, sai dai tana ƙara ƙara da hucin da yake dukan fuska, kuma a wurin mutane da yawa ƙarar ce take fara karya musu zuciya kafin shurin.

Na san wannan ne a lokacin da aiki ya zaunar da ni a Amurka na ɗan wani lokaci, inda wani abokin aikina, dattijo mai farautar barewa da libarba, yakan tafi da ni filin koyon harbi a ƙarshen mako. Tsarinsa ya burge ni, domin bai taɓa fara ba ni babbar bindiga ba. Ya fara da .38 Special a cikin libarbar .357, sannan .357 ɗin kansa, sannan .44 Special a cikin libarbar .44 Magnum, kuma ba ya ɗaga ni zuwa mataki na gaba sai ya ga ramukan da na yi a takarda sun taru wuri ɗaya. Wannan yana yiwuwa ne saboda waɗannan bindigogi suna karɓar ƙananan harsasan danginsu, ita .460 ma tana harba .454 Casull da .45 Colt, wato bindiga ɗaya mai matakin shuri uku. Da .44 Magnum a cikin bindiga mai nauyi, harbina yana zama inda na aika shi. Da muka kai .454, hannuna bai yi ciwon da zan ce na kasa ba, kuma da an tambaye ni a lokacin da na ce lafiya lau nake, amma ramukan da suke takardar sun warwatsu, yawancinsu kuma sun gangara ƙasa ta hagu. Dattijon ya dubi takardar ya ce mini a nan zan tsaya. Na harba .500 daga baya domin in san ɗanɗanonta, da harsashi ɗaya tak a ciki, kuma babu wanda ya yi zancen farauta da ita.

Abin da ya gangarar da ramukan nan shi ne zabura, kuma ita ce asalin matsalar duka. Jiki yana koyon cewa duk lokacin da yatsa ya matsa kunama duka da ƙara za su biyo baya, sai ya fara kare kansa tun kafin su iso, kamar yaron da yake ƙanƙame jiki ya runtse ido tun allura ba ta taɓa shi ba. Idanu suna ƙiftawa, kafaɗu suna ɗagawa, sauran yatsu suna matse mariƙi tare da ɗan ali, wuyan hannu kuma yana danna bindigar ƙasa domin ya tare shurin da bai zo ba tukuna. Duk wannan yana faruwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci kafin harsashi ya bar bututu, shi ya sa na-dama yake samun harbinsa a ƙasa ta hagu, bahago kuma a ƙasa ta dama. Mugun abin da yake tattare da ita shi ne mai ita ba ya sanin yana yi, domin shurin gaskiya yana zuwa nan take ya rufe motsin da ya gabace shi. Mutum zai rantse bai motsa ba, ya ɗora laifin a kan saiti ko iska ko harsashi. Kuma ba ta da alaƙa da jarumtaka ko girman jiki: na ga ƙato mai faɗin ƙirji yana fama da ita, na kuma ga 'yar siririyar mace tana harba .44 Magnum idanunta a buɗe har bindigar ta sauko.

Amurkawa suna gano ta ta hanyar cakuɗa harsasan gaske da na bogi a cikin ganga, a juya ta ba tare da mai harbin ya gani ba. Idan gudumar ta sari na bogi, babu ƙara babu shuri, sai a ga bakin bindigar ya yi sujada shi kaɗai. Da na ga wannan sai na tuna da Baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana farauta a dazukan da suke tsakanin Ningi da Toro, kuma bai taɓa jin labarin wani filin koyon harbi ba. Idan saurayi ya zo koyo a wurinsa yana cika baki, yakan karɓi bindigar ya juya baya kamar yana ɗura ta, ya miƙa masa ita babu komai a ciki, ya nuna masa kututture ya ce ya harba. Na ga ranar da ya yi wa wani ɗan maƙwabcinmu haka. Yaron ya danna kunama, bindigar ta yi ƙas, shi kuwa ya riga ya runtse ido ya noƙe wuya ya ja da baya taku guda.

"Baffa, ai ba ta tashi ba," in ji shi.

"Ita kam ba ta tashi ba, ɗana, kai ne ka tashi," in ji Baffa. "Da zabo ne a gabanka, da ƙasar da take gaban ƙafarsa ka harba."

Maganin zabura ba ya cikin ƙara harbi da babban harsashi da fatan jiki zai saba, domin kowane harbi mai zafi ƙara kafa ta yake yi. Ana komawa baya ne. Mutum yakan yi ta danna kunamar bindigar da aka tabbatar babu komai a cikinta, bakinta yana fuskantar inda babu kowa, yana kallon ɗan ƙarfen saiti har ya ga ba ya motsi lokacin da gudumar ta faɗi. Daga nan sai ƙaramin harsashi, da yawa, har yatsa ya koyi matsa kunama a hankali ba tare da sauran hannun ya taya shi ba. Babban harsashi kuma sai a bar shi zuwa kaɗan a kowane zama, a daina tun kafin hannu ya gaji, domin harbin da aka yi bayan gajiya ba ya koyar da komai sai mugun hali. Toshe kunne yana daga cikin maganin, ba don lafiyar ji kaɗai ba. Masana lafiyar kunne sun sa iyakar ƙara mai zuwa farat ɗaya a desibel 140, manyan libarba kuwa suna haura 160, shi ya sa masu hankali a cikinsu suke sa abin toshewa a cikin kunne sannan su ɗora wani a kansa. Mutane da yawa da suka yi haka sun tarar rabin tsoron da suke ji na ƙarar ne. A nan gida kuwa maharbi mai toshe kunne abin dariya ne, kuma sakamakon haka yana bayyana a majalisar tsofaffin maharba, inda sai an ɗaga murya kafin a gaisa.

Game da riƙo, abin da na koya shi ne kada a yi kokawa da bindigar. Ana riƙe ta da ƙarfi da hannu biyu, hannun dama a can sama kusa da layin bututu gwargwadon yadda mariƙin ya bari, wuyan hannu a ɗaure, gwiwar hannu kuma a ɗan sake domin ta lanƙwashe ta sha turin, jiki ya ɗan karkata gaba, nauyi a kan yatsun ƙafa. Bindigar za ta tashi, kuma a bar ta ta tashi. Aikin mai harbi shi ne ya tabbatar ta tashi a hanya ɗaya kowane lokaci, domin harsashin libarba yana cikin bututu lokacin da bakin ya fara ɗagawa, wanda ya sa sauyin ƙarfin riƙo yake sauya inda harbi zai sauka. Akwai haɗari biyu da ya wajaba a faɗa wa baƙo. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da wuta take fesowa ta gefe, kuma a manyan bindigogin nan tana iya yanka yatsan da aka ɗora a wurin. Na biyun shi ne wanda bai saba ba yana iya sake matsa kunama ba da niyya ba yayin da bindigar take juyowa sama wajen kansa, kuma an yi asarar rai ta wannan hanya. Saboda haka duk wanda zai ɗanɗana wa baƙo irin wannan bindiga harsashi ɗaya yake sa mata.

Idan na dawo ga namu maharban, cutar da nake gani ita ce ƙarin albarushi. Bindigar toka ba ta da ma'aunin da kamfani ya ƙayyade, mai ita ne yake zuba abin da ya ga dama, kuma a cikin samari akwai masu ganin cewa wanda bindigarsa ta fi tsawa shi ya fi zama namiji. A lokacin hawan salla ko tarbar babban baƙo, inda 'yan bindiga suke harbin iska domin ƙawa, gasar ƙara tana da wurin zama, ko da yake a can ma ana samun raunuka. Amma ɗaukar wannan hali zuwa daji ba ya ƙara nama a tukunya. Albarushin da ya wuce kima ba ya ƙonewa duka a cikin bututu, yana warwatsa ƙwayoyin dalma, yana kumbura kafaɗa, yana kuma koya wa mai shi zabura har ya zama ba ya iya samun gada a taku ashirin. Bututun da maƙeri ya yi da hannu kuma ba a gwada shi da injin awon matsi ba, kuma yana tsufa yana cin tsatsa daga ciki. Mafi muni shi ne a farke harsashin zamani a juye albarushinsa marar hayaƙi cikin bindigar toka, domin matsinsa ya fi ƙarfin irin wannan ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma abin da yake biyo baya shi ne fashewar bututu a kusa da fuska da hannun hagu. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, sai dai a nan har na kusa da shi yana iya samun rabonsa.

To, ta yaya mutum zai san iyakarsa? Maharban libarba na Amurka suna da gwaji mai sauƙi da na ga ya dace da kowace irin bindiga. Wurin da harsashi yake kashe barewa da sauri, wato huhu da zuciya, faɗinsa kimanin santimita ashirin ne, daidai da farantin takarda na cin abinci. Sai a kafa farantin, a harbe shi daga irin tsayuwar da za a yi a daji, a tsaye ko a durƙushe ko an jingina da itace, ba a kan tebur ba. Nisan da mutum yake iya sa kowane harsashi a cikin farantin, har da na farko da aka harba jiki bai ɗumama ba, shi ne nisansa, kuma harsashi mafi ƙarfi da yake iya yin haka da shi shi ne harsashinsa. Na ƙara nanata na farko, domin a daji dabba ba ta jiran a yi gwaji. Idan mutum yana cika faranti da .44 a mita hamsin amma yana kuskure biyu cikin biyar da .454, to ƙarin ƙarfin .454 bai amfane shi da komai ba, tun da harsashin da ya fasa tumbi, komai girmansa, bai kai wanda ya ratsa huhu saurin kisa ba.

Wannan ya wuce batun gwaninta, ya shiga haƙƙin dabba. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, wanda kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, ya nuna cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har da kisa da yanka. Maharbin da ya ambaci sunan Allah ya saki harbi da bindigar da ya san ba ya iya sarrafawa, ya karya wa dabba ƙafa ko ya huda mata ciki ta gudu ta je ta mutu bayan kwanaki a cikin sarƙaƙiya, bai kyautata ba, naman ma ya tafi a banza. Idan dabbar mai faɗa ce kamar gadu, raunin da bai kashe ta ba yana mayar da ita haɗari ga wanda ya bi sawunta da karnukansa da manomin da zai ci karo da ita gobe. Ba na maganar ɓauna da gwanki, domin yawancin abin da ya rage mana daga cikinsu a nan Bauchi yana Yankari ne, wadda aka keɓe tun 1956 kuma farauta a cikinta laifi ne, kowace irin bindiga mutum yake riƙe da ita.

Wani abin da samari ba sa son ji shi ne iyakar ba ta zama wuri ɗaya. Tana matsawa gaba da yawan atisaye, tana ja baya idan an daɗe ba a yi ba, kuma shekaru suna cin ta a hankali. Dukan da wuyan hannu da gwiwar hannu suke sha yana taruwa, kuma a cikin tsofaffin masu harbin manyan libarba akwai da yawa da suka ƙare da ciwon gaɓoɓi, da sanyin yatsu, da hannun da ba ya iya matse abu, har suka koma ƙananan harsasan da suka raina a ƙuruciya. Dattijon da ya koya mini ya mallaki .454 da .500, amma da .44 yake shiga daji, kuma ya gaya mini cewa ya rage nisan harbinsa da kansa tun lokacin da idonsa ya fara kasa haɗa ƙarfen saiti da dabba a lokaci guda. Alamomin da ya ce in lura da su a jikina ba su da wuyar ganewa: yatsu su yi sanyi ko su riƙa tsira bayan harbi, ciwon wuyan hannu ya kwana ya wuni, kunne ya riƙa kuka da dare, ko mutum ya tarar yana jinkirin ɗaukar bindigar domin zuciyarsa ba ta so. Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa dalilin sauka mataki guda.

Ni yanzu ba ni da hulɗa da libarba, kuma ba na kewarta. Bindigata mai baki biyu ce mai lasisi, na sa mata roba mai kauri a gindi, na kuma bar harsashi mai nauyi na koma mai giram 28, wanda ya ishi zabo da fakara da zomo. Idan kaka ta wuce aka kawar da amfanin gona, kafin in fita ko sau ɗaya, nakan kafa kwali a gindin tudu a bayan gonarmu, inda babu hanya babu makiyaya, in toshe kunnuwana, in sa ɗan'uwana ya ɗura mini bindigar a bayan idona, wani lokaci da harsashi wani lokaci da kwanson da aka riga aka harba. Idan bakin ya sunkuya a kan kwanson, ba na zuwa daji a wannan makon.